Yawon Buɗe Ido a Tafiyar Ɗauko Ɗan Riƙo Daga Ƙasar Waje: Yadda Za Ku Raba Kwanakinku

Miji da matar da suka shafe shekaru suna cike takardu, ana zuwa gidansu bincike, ana auna lafiyarsu da ƙarfin aljihunsu, ranar da aka ce su taho su ga yaron da aka ba su riƙo ba su da wani tunani sai nasa. Sai sun sauka a ƙasar suke gane cewa mafi yawan tafiyar zaman jira ne. Yau jiran alƙali, gobe jiran fasfo, jibi jiran ofishin jakadanci. Wata rana aikin da ya kawo ku ba zai wuce awa biyu ba, sauran yinin kuwa ga ku nan a ɗakin otal kuna kallon juna. A nan ne maganar fita ganin gari take tasowa, kuma wasu har kunyarta suke ji, kamar wanda ya je dubiya ya ɓige da kallon ƙwallo.

Ni dai ban ga abin kunya ba. Ƙasar da za ku zagaya ita ce mahaifar ɗanku, kuma wata rana sai ya tambaye ku yadda take. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne tafiyar gida biyu ce: kafin a damƙa muku yaro, da bayan an damƙa. A gidan farko ku baƙi ne kamar kowane mai yawon buɗe ido. A na biyu kiɗa ya canja, dole rawa ta canja.

Mataki na farko: ku san irin tafiyar da ƙasar take nema

Yawancin ƙasashen da ke bayar da yara riƙo zuwa waje suna aiki ne da Yarjejeniyar Hague ta 29 ga Mayu 1993, wadda ta fara aiki a 1995. Ita ta wajabta wa kowace ƙasa ta naɗa hukuma guda da za ta riƙa sa ido a harkar. Amma yadda ake tafiyar ya bambanta ƙwarai, kuma shi zai nuna muku inda yawo zai samu gurbi.

A Bulgeriya tafiya biyu ake yi. A ta farko za ku yi kamar kwana biyar kuna ziyartar yaron a inda yake, ku koma gida, sai bayan watanni, idan kotu ta yanke hukunci, ku dawo ku ɗauke shi. Ke nan tafiyar farko ita ce ta yawo, domin da yamma da ƙarshen mako hannunku sake yake. A Kolombiya kuwa tafiya ɗaya ce doguwa, ta makonni. Hukumar kula da iyali ta ƙasar, ICBF, tana haɗa ku da yaron tun a kwanakin farko, ya dawo hannunku, a ba ku kamar mako guda na sabo, sannan maganar ta tafi gaban alƙali. Wanda bai yi yawonsa kafin ranar haɗuwa ba, to da yaro a kafaɗa zai yi shi. A Indiya hukumar kula da riƙon yara ta ƙasar, CARA, ce ke riƙe da harkar, kuma tun Satumban 2022 babban jami'in gunduma ne ke sa hannu a kan umarnin riƙo maimakon kotu. Sau da yawa yaron yana wata jiha mai nisa, sai kun ɗauko shi sannan ku dawo Delhi neman biza da izinin fita.

Kada ku dogara da labarin wanda ya yi tafiyar shekara goma da suka wuce. Habasha ta rufe ƙofa a Janairun 2018. Sin, wadda tun daga 1992 ta bayar da yara fiye da 160,000 zuwa ƙasashen waje, ta sanar da dainawa a Satumban 2024, in ban da riƙon 'yan uwa na jini da na agola. Dubban iyalai suna da hoton da suka ɗauka a tsibirin Shamian na birnin Guangzhou lokacin da suke jiran bizar Amurka, yanzu wannan ya zama tarihi.

Ƙasashe irin su Maroko da ke bin tsarin kafala hanyarsu daban ce: yaro yana shiga hannunku ku raine shi, amma nasabarsa ba ta komawa gare ku. Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20. Takardun sun bambanta, zaman jiran dai iri ɗaya ne.

Mataki na biyu: ranakun hukuma da biro, ranakun yawo da fensir

Ku samu takarda ku zana kwanakin tafiyar gaba ɗaya. Ku fara rubuta abubuwan da ba sa motsi: ranar haɗuwa, ranar kotu, gwajin likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi, ranar ganawar biza. Kowace ɗaya daga cikinsu ku bar mata yinin da ya gabace ta fanko, ku kwana a garin. Duk abin da ya rage shi ne rabon yawo, shi ma da fensir, domin lauya yana iya kiran ku ƙarfe tara na safe ya ce alƙali na son ganin ku ƙarfe sha ɗaya. Idan a lokacin kuna wani gari mai nisan awa huɗu, ranar da za a sake ba ku tana iya zama bayan mako biyu.

Ku duba ranakun hutu. Ofishin jakadanci yana hutun ƙasarsa yana kuma hutun ƙasar da yake zaune. A Kolombiya ana mayar da yawancin ranakun hutu zuwa Litinin, kuma yawancin kotuna suna rufewa daga 20 ga Disamba zuwa 10 ga Janairu, da kuma makon Ista. Indiya tana hutu 26 ga Janairu, 15 ga Agusta da 2 ga Oktoba, ban da bukukuwan addini da na jihohi. Istan Bulgeriya a yawancin shekaru ba ya faɗuwa rana ɗaya da na yammacin Turai. Waɗannan ranakun da ba wanda zai kira ku, su ne mafi aminci ga fita nesa.

Tikitin dawowa ku sayi wanda ake iya canja masa rana ko da ya fi tsada. Haka ɗakin otal.

Mataki na uku: allura da takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ga likita aƙalla wata guda kafin tashi. Allurar ciwon hanta nau'in A tana da muhimmanci a gare ku da duk wanda zai zauna da yaron a gida, domin ƙananan yara suna ɗauke da cutar ba tare da ta nuna a jikinsu ba. Ku tabbatar da ta ƙyanda. Idan ana buƙatar katin allurar cutar shawara, ku sani ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Fasfonku ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Ku tambayi irin bizar da ta dace da ku tun daga gida, kuma idan jami'in shige da fice ya tambayi abin da ya kawo ku, ku faɗi gaskiya.

Mataki na huɗu: ku riga ranar haɗuwa isa

Wannan ita ce shawarar da na fi nanatawa. Ku sauka kwana biyu ko uku kafin ranar da za ku ga yaron. Jikinku yana buƙatar ya daidaita da sabon lokaci, kuma iyayen da ba su yi barci ba ba su da haƙurin da ranar haɗuwa take nema. Duk wani wuri mai nisa, mai layi, mai hawa da sauka, mai cunkoso, ku gama da shi a waɗannan kwanakin.

Bogota, babban birnin Kolombiya, tana kan tudun da ya haura mita 2,600, saboda haka yinin farko numfashi zai riƙa yi muku wuya ko a matakalar bene. Ku bari sai rana ta biyu ku hau dutsen Monserrate, wanda ya haura mita 3,100, inda ake hango birnin gaba ɗaya. Gidan tarihin zinare yana tsakiyar tsohon gari, ba ya buɗewa ranar Litinin. Cocin da aka sassaƙa cikin ramin haƙar gishiri a Zipaquirá yana da nisan kamar kilomita 50, kuma wuri ne mai duhu a ƙarƙashin ƙasa, ba inda za a kai yaron da bai gama yarda da ku ba.

A Sofiya, babban birnin Bulgeriya, tsakiyar gari a ƙafa ake zagaya shi: babbar cocin Alexander Nevsky, masallacin Banya Bashi na ƙarni na 16, da wurin ibadar Yahudawa, duk kusa da juna. Gidan sufaye na Rila yana cikin duwatsu, kamar kilomita 120 kudu da birnin, tafiyar yini guda ce zuwa da dawowa. A Delhi akwai hasumiyar Qutb Minar mai tsawon kusan mita 73 da kabarin sarki Humayun. Taj Mahal yana Agra, jirgin ƙasa mai sauri yana kaiwa cikin ƙasa da awa biyu, amma ba ya buɗe wa masu yawo ranar Juma'a. A Mayu da Yuni zafi a wannan yankin yana haura digiri 40, sai ku yi sammako.

Abu ɗaya kawai: daren jajibirin haɗuwa ba daren gwada sabon abinci a bakin titi ba ne. Ciwon ciki a wannan ranar ba ƙaramar asara ba ce.

Mataki na biyar: ku tattaro wa yaron ƙasarsa

Hoton shahararren gini kowa na iya samun sa a intanet. Abin da ba wanda zai samo wa ɗanku in ba ku ba shi ne garinsa. Idan hukuma ta yarda, ku je garin da aka haife shi ko da ba ya cikin littafin masu yawon buɗe ido, ko da babu komai a cikinsa sai tashar mota da kasuwa. Ku ɗauki hoton allon sunan garin, da ƙofar asibitin da takarda ta ambata, da titin da gidan marayun yake, da itatuwan da ke gefensa. Ku kunna waya ku naɗi minti biyu na hayaniyar titin. Yaro mai shekara goma sha biyu da ya fara tambayar daga ina ya fito, waɗannan zai zauna yana kallo.

Ku shirya tambayoyinku a rubuce kafin ku shiga wurin masu rainonsa, domin a ranar zuciya ba ta barin kai ya yi aiki. Da wane suna suke kiran sa a tsakaninsu? Wa ya raɗa masa suna, kuma me yake nufi? Ƙarfe nawa yake barci, a wane gefe yake kwanciya, da fitila ko a duhu? Wace irin madara yake sha? Me yake tsoro? Wace waƙa ake yi masa idan yana kuka? Ku roƙi mai rainon ta rera muku ita ku naɗa. Ku nemi ta rubuta masa 'yan layuka da hannunta a harshensu, tafinta ya fassara muku a wata takarda daban. Idan akwai bargo ko rigar da ya saba da ita, ku roƙa a bar masa, ku ba su sabuwa a madadinta, kuma kada ku yi saurin wanke ta. Wannan ƙamshin shi kaɗai ya sani a duniyar da zai shiga.

Ku sayi jaridar ranar da aka damƙa muku shi, da taswirar yankin, da littattafan yara a harshen ƙasar. Wasu iyayen suna sayen ƙananan kyaututtuka masu yawa su ɓoye, su riƙa ba shi ɗaya kowace shekara. Dabara ce mai kyau, sai dai ku sayi abin da zai yi wa saurayi ko budurwa ma'ana, kada duk su zama kayan wasan jarirai.

Akwai iyaka, kuma ta doka ce. Sashe na 29 na Yarjejeniyar Hague ya hana masu neman riƙo haɗuwa da iyayen yaro na asali ko masu kula da shi kafin a cika sharuɗɗan amincewa, sai dai in riƙon cikin dangi ne ko hukuma ta tsara haɗuwar. Saboda haka idan wani direba ko ɗan rakiya ya ce ya san gidan uwar yaron zai kai ku a ɓoye, ku ce a'a. Sashe na 32 ya hana cin kuɗin da bai dace ba a harkar, don haka ko kyautar alheri ce kuke son yi wa gidan marayu, ku bi ta hannun hukumar da ke wakiltarku a ba ku rasit. Sannan gidan marayu ba wurin kallo ba ne. Kada ku ɗauki fuskokin sauran yaran, kuma ko hoton naku yaron kada ku sa shi a Facebook ko WhatsApp kafin hukunci ya tabbata, domin hukumomi da yawa sun hana. Labarin yadda aka tsince shi ko dalilin da ya sa aka bar shi kuwa sirrinsa ne. Shi zai zaɓi wanda zai gaya wa idan ya girma.

Mataki na shida: bayan an damƙa muku shi

Ku sa kanku a matsayin yaro mai shekara uku da bai taɓa fita daga gini ɗaya ba. Da safe yana tare da mutanen da ya sani. Da rana an sa shi a mota, wataƙila karon farko a rayuwarsa, tare da baƙi biyu da ba sa jin harshensa, har ya yi amai a hanya. An shiga da shi wani akwatin ƙarfe mai madubi, ƙofa ta rufe da kanta, ƙasa ta motsa. A banɗaki an danna wani abu ruwa ya yi ruri. Ranar da ku kuke kukan murna, shi ranar ya rasa duk abin da ya sani. Yaron da ke cikin wannan hali ba ya buƙatar gidan tarihi.

Kwana biyu ko uku na farko ku zauna a masauki. Fitarku ta tsaya a harabar otal ko lambun da ke kusa. Ku bi jadawalin barci da cin abincin da aka ba ku kamar yadda yake, ku sayi irin madarar da ya saba da ita, har da ragowar da za ku tafi da ita gida a sauya masa a hankali. Daga nan sai ku fara faɗaɗawa: fita ɗaya a yini, da safe, awa ɗaya ko biyu, a dawo kafin lokacin barcin rana. Wuri mai fili da iska ya fi: lambun Lodhi a Delhi, lambun Borisova a Sofiya, lambun tsirrai na Bogota. Komawa wuri ɗaya kullum, a zauna a benci ɗaya, ya fi amfani gare shi a kan sabon wuri kowace rana. Ku ne za ku gundura, shi kuwa hankalinsa kwanciya yake yi.

Ku goya shi ko ku rungume shi a ƙirji maimakon keken turawa, idan ya yarda. A keke yana kallon titi, a jikinku yana jin muryarku da bugun zuciyarku. Idan ya zaɓi ɗayanku ya ƙi ɗayan, abu ne da aka saba gani. Wanda aka ƙi ya riƙa zama mai miƙo abinci da kayan wasa, ya yi haƙuri.

Akwai abin da yake yaudarar sababbin iyaye. Za ku ga yaron ba ya ƙiwa ko kaɗan, yana miƙa hannu ga ma'aikaciyar otal, ga direba, ga duk wanda ya yi masa murmushi, sai ku ce ai mai son mutane ne. Sau da yawa alama ce ta cewa ya tashi a hannun masu raino da ke karɓa-karɓa, bai san bambancin uwa da baƙuwa ba. Irin wannan yaron yana iya bin kowa a cikin kasuwa ba tare da ya waiwayo ba. Ku hana kowa ɗaukarsa cikin ladabi, kuma ku kaɗai za ku riƙa ba shi abinci, ku yi masa wanka, ku rarrashe shi. Ku sa masa kati a aljihu mai sunan otal da lambar wayarku a rubutun ƙasar.

Ku koyi alamun gajiyarsa, domin ba kowane yaro ne ke kuka ba. Wani shiru zai yi idonsa ya ƙafe a wuri ɗaya. Wani zai riƙa jijjiga jikinsa gaba da baya, wani ya cika kumatunsa da abinci ya ƙi haɗiyewa, wani ya yi ta dariya da guje-guje kamar an kunna shi. Ko wanne kuka gani, ku koma masauki, ko da yanzu kuka biya kuɗin shiga.

Kalmomi goma sha biyar a harshensa sun fi muku amfani a kan duk wani littafin jagora, irin su ruwa, yunwa, fitsari, zafi, barci, zo, tsaya, sannu. Ku lura da alamun jiki ma. A Bulgeriya gyaɗa kai sama da ƙasa yakan nufi a'a, kaɗa shi gefe da gefe kuma i. Uwa tana iya miƙa wa yaro ruwa ya kaɗa kai, ta janye kofin, shi kuma ya fashe da kuka domin cewa ya yi yana so.

A jakar fita kada a rasa famfas, kayan canji kala biyu, ruwan roba, ma'aunin zafin jiki da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa. Ku nisanta shi da karnukan titi da birai, cizo ko yaƙushi ɗaya yana nufin asibiti a ranar saboda cutar haukan kare. Tasi ba kasafai take da kujerar yara ba, gara ku ɗauki direba ɗaya da zai sa muku ita har ƙarshen zamanku. Idan kun taho da manyan 'ya'yanku, ku raba aiki: ɗaya ya fita da su, ɗaya ya zauna da ƙaramin. Taura biyu ba ta taunuwa.

Mataki na bakwai: takarda a aljihu, da hanyar gida

Baƙi biyu riƙe da yaro ɗan ƙasa da bai yi kama da su ba, yana kuka yana fizge-fizge, ɗan sanda na da hujjar tsayar da su. Kullum ku fita da kwafin takardar da ta ba ku ikon riƙe shi, a harshen ƙasar, da lambar lauya ko wakilin hukumarku. Na asalin su zauna a akwatin ajiya na otal, hotonsu kuma a waya. Kafin hukunci ya fito ku tambaya ko an yarda ku fita da shi daga garin ma, balle ku hau jirgin cikin gida. Tsallaka iyaka zuwa maƙwabciyar ƙasa kuwa ku cire shi daga lissafi gaba ɗaya.

Ku tabbatar an ba ku takardar shaidar da sashe na 23 na Yarjejeniyar Hague ya tanada, ita ce take sa sauran ƙasashen da ke cikinta su amince da riƙon. Yawanci yaron da fasfon ƙasarsa ta haihuwa zai fita, saboda haka filin jirgin da ku za ku iya yada zango ba biza, shi yana iya buƙatarta. Ku tambayi kamfanin jirgin da ofishin jakadancin ƙasar zangon kafin ku sayi tikiti. Tunanin tsayawa kwana biyu a Istanbul ko Dubai a hanyar dawowa ku ajiye shi sai wata shekarar.

Yaron da bai cika shekara biyu ba ana iya riƙe shi a cinya, amma a tafiyar awa goma kujerarsa ta kansa ta cancanci kuɗinta. Ku ba shi abin tsotsa lokacin tashi da sauka saboda kunnuwansa. Takardun kotu, takardar haihuwa, katin allurarsa da duk ambulan da ofishin jakadanci ya liƙe ya ce kada a buɗe, su kasance a jakar hannu, tare da bargon nan da ba a wanke ba. Waɗanda za su tarbe ku a filin jirgi kuma ku aika musu saƙo tun kafin ku taso: mutum biyu sun isa, su kawo kujerar yara a mota, kuma kada kowa ya miƙo hannu ya karɓe shi.